Muryar Hedimasta

Duk garin Hedimasta ake ce masa, ko da yake bai taɓa riƙe alli a aji ba. Sunan ya samo asali ne daga wani wasan talabijin da ya yi shekara da shekaru yana fitowa a cikinsa a matsayin shugaban makaranta, da gilashi a kan karan hanci, da wata murya wadda in ya ce a yi shiru har masu kallo a gida sai sun gyara zama. Yanzu ya bar harkar fim. Yana da ɗan lambu a bakin titi, tsakanin rumfar mai faci da katangar wani asibiti, inda yake rainon dashen itatuwa da furanni a cikin baƙaƙen ledoji yana sayarwa.

Kowa ya san abin da ya raba shi da fim, domin a gaban jama'a aka yi. An yi masa aiki a maƙogwaro, ya warke, murya ta dawo amma a dusashe. Duk da haka ya karɓi wani fim wanda surukinsa ya ba da umarni, wato mijin 'yarsa Auta, wanda abokan aiki da 'yan gida duka suke kira Darakta. Aka gama ɗauka lafiya. A ɗakin tace fim Darakta ya saurari muryar ya ga ba za ta yi ba, sai ya ɗauko wani mai tallar sabulu a rediyo ya ɗora muryarsa a kan bakin tsohon. Bai gaya masa ba. Ranar da aka fara haska fim ɗin a silima, Hedimasta yana zaune a layin gaba, ya ga kansa ya buɗe baki a majigi, ya ji wani ƙato yana magana daga cikinsa. Can a kujerun baya wani ya gane muryar, ya rera waƙar tallar sabulun, ɗakin ya kaure da dariya. Tsohon bai motsa ba har fim ya ƙare. Ya tafa tare da kowa, ya fita ta ƙofar gefe.

Tun daga ranar bai sake tsayawa gaban kyamara ba, bai kuma sake yi wa surukinsa magana kai tsaye ba. Ko suna zaune a tabarma ɗaya, sai dai ya dubi 'yarsa ya ce ta faɗa wa mijinta kaza.

Shi kuwa Darakta ya daɗe yana dakon wani labari a ransa, labarin tsohon mai gadin mahaɗar titi da layin dogo, wanda ke sauke ƙarfe ya tare motoci in jirgi zai wuce, ya kuma ci gaba da zuwa aiki bayan an rufe tashar. Ya sha yawo da labarin ofis-ofis kafin ya samu furodusan da ya yarda, shi ma da sharaɗi ɗaya: ko fuskar Hedimasta, ko a bar maganar. Ga shi an sayar da filin tsohuwar tashar da za a yi ɗaukar a cikinta, masu rusau sun ce da zarar damina ta ɗauke za su shigo da motocinsu. In tsohon ya ƙi, babu fim, babu kuma wata tashar da za a jira.

Da hantsi suka iso lambun, shi da Auta, yana rungume da rubutun fim ɗin cikin jakar takarda. Hedimasta yana ban-ruwa, ya naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa. Darakta ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa gaisuwar 'yarsa, ya tambayi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce,

"Auta, ce wa mijinki ya ɗaga ƙafarsa, yana taka min tiyo."

Darakta ya ɗaga ƙafa. Daga durƙuson ya fara bayani, ya faɗi labarin mai gadin, ya faɗi sharaɗin furodusa, ya faɗi maganar rusau. Bai ɓoye cewa yana cikin matsi ba. Tsohon ya ci gaba da bin ledojinsa da ruwa kamar ana karanta labarun wata ƙasa a rediyon maƙwabta. Da aka gama ya ce wa Auta ta sanar da mijinta cewa nan dashen mangwaro da gwaiba ake sayarwa, in yana so a zaɓa masa mai kyau, har ragi za a yi masa saboda surukuta.

Auta ta kashe famfon da kanta. Ta ce ita fa ta gaji da zama wayar tarho a tsakanin manyan mutane biyu, ta ja ubanta ta zaunar a kan benci, ta zaro rubutun ta ɗora masa a cinya. Ta ce ya karanta, in ya ƙi bayan ya karanta ita ce za ta fara ja wa mijinta kunne ya bar zancen.

Tsohon ya harare ta, amma hannunsa ya riga ya tafi aljihun gaba. Can yake ajiye jan biron da yake rubuta sunayen dashe da shi. Tun yana saurayi haka yake aiki: ba ya karanta labari sai ya fara bin shafuka yana ja wa maganganunsa jan layi, in ya ga yawansu sannan ya koma farko ya ji me ake ciki. Abokan aikinsa har tsiya suke masa, wai Hedimasta ba ya karanta labari, auna shi yake yi.

Ya cire murfin biron da haƙori, ya buɗe shafin farko. Ya buɗe na biyu. Wata mata ta tsaya da mota tana neman dashen lemun tsami, Auta ta je ta sallame ta ta dawo, har yanzu biron yana sama bai taɓa takarda ba. Sunan mai gadi yana ko'ina, mai gadi ya tashi, mai gadi ya goge fitila, mai gadi ya dubi agogo, amma babu inda aka buɗe masa baki. Tsohon ya kai shafin ƙarshe, ya lashi yatsa, ya sake bi daga baya zuwa gaba.

"Auta, tambaye shi ko na masu kyamara aka kawo min bisa kuskure."

A nan fuskar Darakta ta washe, don a ganinsa an iso wurin da zai ci nasara. Ya gyara durƙuso ya ce ba kuskure ba ne. A rubutun farko mai gadin yana magana, surutu ma gare shi, amma ya zauna wata da watanni ya sake gina labarin gaba ɗaya, ya mai da shi bebe. Ya ce babu fitowa ɗaya da babu shi a ciki, fim ɗin kacokan a kan fuskarsa yake, ido da kafaɗa da tafiya za su yi aikin, kuma a duk ƙasar babu mai iya wannan sai mutum ɗaya. Ya ce ta haka babu wanda zai sake taɓa muryar kowa.

Hedimasta ya mayar da murfin biron. Ya juyo da jikinsa duka, ya dubi surukinsa cikin ido, abin da ya yi shekaru bai yi ba.

"Kai," in ji shi. "Wancan karon ka cire min harshe ka sa min na mai sabulu. Wannan karon ka cire ka jefar, ko na aro ba ka sa ba. In an sake wani karon me za ka cire? Kan gaba ɗaya?"

"Baba, don in sauƙaƙa maka na yi."

"Na ce maka na gaji? Na zo gidanka na ce yaro taimake ni, magana ta fi ƙarfina? Tun uwarka tana goya ka nake magana a gaban jama'a. Ka zo har lambuna, ka taka min tiyo, ka miƙo min likkafani ka ce riga ce ka ɗinka min."

Ya so ya ƙara, tari ya sarƙe shi. Mai faci ya bar tayar da yake dubawa cikin ruwa ya leƙo. Auta ta miƙa wa ubanta ruwa, ya ture kofin. Da tarin ya lafa, ya ajiye rubutun a ƙasa, ya ɗauko ledar dashe mai ɗigar ruwa ya ɗora a kai, ya koma ya kunna famfonsa.

A mota ne faɗan ya koma tsakanin miji da mata. Auta ba ta karanta sabon rubutun ba sai yau ta ji abin da ke ciki. Ta ce ashe duk watannin nan da take kai masa abinci ɗakin aiki tana tafiya a hankali don kada ta katse masa tunani, maganar ubanta yake zaune yana gogewa layi-layi. Ta ce da ya tambaye ta da ta gaya masa cewa gara ya je ya mari tsohon, zai fi saurin hucewa.

Darakta ya taka birki a bakin danja da ƙarfin da ba a buƙata. Ya ce ita da 'yan'uwanta su ne ba su da gaskiya. Tun da aka sallamo tsohon daga asibiti suke ce masa murya ta dawo, kamar ba a yi komai ba. In 'yan jarida sun zo da rikoda sai su kore su wai Baba yana hutawa. Ko saƙon murya ba sa bari ya aika a waya, sai su karɓa su rubuta masa. Mutum yana jin muryarsa ne ta cikin ƙashin kansa, in ji shi, abin da ke fita waje daban ne, kuma ubanta bai taɓa jin abin da ke fita ba. Ya ce shi kaɗai aka bar wa wuƙar, da ya yanka kuma kowa ya ja baya yana salati.

Auta ta juya fuska ga taga. Ta san haka ne, shi ya sa ma ta ƙara hawa. Da yamma da furodusa ya bugo waya, Darakta ya ce masa ana kan magana.

Ofishin kamfanin yana saman wata maɗaba'a, in injin ƙasa yana aiki har kofin shayi rawa yake a kan tebur. Ranar gwajin ƙananan 'yan wasa, baranda ta cika da samari da 'yan mata, kowa riƙe da 'yar takardar da aka rubuta masa abin da zai faɗa. Darakta yana ciki da mai kyamara, yana gwajin ne kawai don kada ma'aikata su gane fim ɗin yana tangal-tangal. Sai ga mai ɗaukar sauti ya shigo yana ƙunshe dariya. Dattijo ne, ana ce masa Kunnuwa, tun zamanin wasan talabijin yake riƙe wa Hedimasta makirufo, kuma shi kaɗai ne yake iya tsokanarsa ya kwana lafiya. Ya ce wa Darakta ya leƙa baranda ya ga wanda ke bin layi.

Hedimasta ne, a tsakiyar benci, cikin kaya masu guga, takalmi ya sha mai. Yaran sun miƙe sun ba shi wuri ya wuce gaba ya ƙi, wasu suna ɗaukarsa hoto a sace. Darakta ya je ya sunkuya ya roƙe shi ya shigo ofis su yi magana. Tsohon ya ɗaga 'yar takardarsa ya ce, da ƙarfin da duk barandar za ta ji, shi mai neman aiki ne kamar kowa. An ce akwai gurbin mai sayar da tikiti, kuma ya duba ya ga mai tikitin yana magana.

Darakta ya gane an zo ne a tozarta shi a gaban yaran da ke ce masa oga. Ya miƙe ya ce to madalla, a bi layi, ya koma ciki ya rufe ƙofa. Kuma ya bar shi ya bi layin. Rana ta take, barandar ta yi zafi, ana kiran yara ɗaya bayan ɗaya, tsohon yana matsawa a kan benci kaɗan-kaɗan. Sau biyu Kunnuwa yana raɗa wa Darakta cewa wannan fa uban matarsa ne, yana amsa masa da cewa a takardar da ke gabansa ba a rubuta haka ba.

Da layi ya zo kansa ya shigo, Darakta bai ɗago ba. Ya ce ya tsaya a kan alamar da aka manna a ƙasa, ya juya dama, ya juya hagu, ya dubi kyamara.

"Ka taɓa fitowa a fim?"

"Na ɗan taɓa."

"Bismillah."

Kunnuwa ya sauko da makirufo a kan sandarsa. Hedimasta ya ja numfashi, ya buɗe ƙirji irin na da, ya jefa maganar can bangon baya: babu jirgi yau, babu gobe, wanda ya sayi tikiti ya zo taga a sallame shi. Darakta ya ce an gode, za a neme shi.

"Kunna min in ji."

Kunnuwa ya fara lalube-lalube, ya ce batir ya yi sanyi, ya ce ai ba a saba kunna wa masu gwaji ba. Tsohon ya ce shi ya saba. Darakta ya ajiye bironsa. Fushin da ya kwana da shi tun daga lambu bai sauka ba, kuma shi ne ya yi magana.

"Kunna masa. A lasifika."

Muryar ta cika ɗakin. Ba ta da ƙasa, ba ta da sama, iska ce ke fita ta wata 'yar kafa tana gogar ƙarfe. Inda ya yi niyyar tsawa sai ta tsage ta koma shewa siririya, kalmar tikiti ma rabinta ne ya fito. Mai kyamara ya sunkuyar da kai yana gyaran abin da bai lalace ba. Injin maɗaba'a yana ta bugawa a ƙasa.

Hedimasta ya tambayi Kunnuwa ko injin nasa ya tsufa ne kamar mai shi. Kunnuwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Injina lafiya lau, mutumina." Tsohon ya ce a sake. Aka sake. Ya saurara har ƙarshe yana tsaye a kan alamar, hannuwansa a baya, sannan ya dubi Darakta.

"Abin da ka ji ke nan a ɗakin tacewa."

"Shi ne, Baba. Lokacin ma ya fi haka."

"Ka ji, Kunnuwa ya ji, mai sabulu ya ji don sai da ya saurara ya kwaikwayi bakina. Mai share ɗakin ma ya ji. Ni kaɗai mai maƙogwaron ba a ga ya dace in ji ba."

Darakta ya ce ya yi ta niyyar zuwa. Ya taɓa kaiwa har ƙofar gida ya juya. Ya ce ta yaya mutum zai zauna gaban wanda ya ba shi 'ya, wanda ko sunansa ba ya iya kamawa, ya ce masa muryarka ta mutu. Kunya ce ta hana shi.

"Kunya," in ji tsohon. "Kunyarka ta hana ka faɗa min a ɗaki mu biyu, amma ba ta hana ka kai ni silima ka zaunar a layin gaba ba. Har kati ka aiko min mai ruwan zinariya. Da ka faɗa min, da na zage ka, in yi kwana biyu ba na cin abinci, in dawo mu san yadda za a yi. A wurin ɗauka babu suruki. Wanda ya koya min aiki ya taɓa ce min a gaban mutane tafiyata ta agwagwa ce, na tafi gida na yi kuka, na dawo na gyara. Kai kuwa ka tausaya min. Ka tausaya min sau biyu, kuma kowanne sai da ya fi zagi ciwo."

Darakta ya miƙe tsaye. Ya ce to tunda babu suruki, bari a yi aiki. Ya ce abin da aka ɗauka yanzu bai yi ba, kuma ba maƙogwaron ne kaɗai ya ɓata shi ba. Ya ce tsohon yana kokawa ne ya fito da muryar Hedimasta, ita kuwa ta tafi, likita ya yanke ta ya jefa a kwandon shara, duk wanda ya ce masa tana nan ƙarya yake. Yana ihu da abin da ba na ihu ba, shi ya sa take tsagewa.

Kunnuwa ya ja baya da sandarsa.

"Ni za ka koya wa magana?"

"Ni ne darakta. Koma kan alamar, ka gusa daga kanta."

Ya koma. Darakta ya karɓe takardar mai tikiti ya yar a tebur. Ya ce ba wannan ba. A rubutun farko, kafin ya goge, akwai inda wani jami'i ya zo karɓar mabuɗin tashar, mai gadin ya amsa masa. Maganar tana kansa har yanzu, ya faɗa masa ita jimla-jimla, tsohon yana maimaitawa a hankali da leɓe har ta zauna. Aka kunna kyamara.

A karon farko Darakta ya tsayar da shi tun bai kai rabi ba, ya ce wa yake yi wa huɗuba, mutum ɗaya ne a gabansa. A na biyu ya ce ya daina ɗaga gira, ba ɗalibai ba ne. A na uku tsohon ne ya tsaya da kansa, ya ce wanda ya rubuta jimlar nan bai taɓa yin numfashi ba, ta yi tsawo, ya gutsure ta biyu ba tare da neman izini ba. Darakta ya ce an yarda. Suka yi ta yi. Tsohon ya kira shi ɗan bana-bakwai, ya kira shi mai gyaran hoton biki, Darakta yana cewa an ji, a sake. Yaran baranda suka taru a jikin ƙofa suna sauraro. Kunnuwa ya matso da makirufo har ya kusa taɓa hular tsohon, aka ce masa in ya tsone masa ido sai ya biya.

Can gajiya ta kama Hedimasta. Rigarsa ta jiƙe, ƙirjin da yake buɗewa ya sauka, ba shi da sauran ƙarfin turawa. Ya dubi gefen kyamara inda jami'in zai tsaya, ya yi maganar da abin da ya rage masa, ƙasa-ƙasa, a dusashe.

"Mabuɗin ga shi, ranka ya daɗe. Amma ƙarfen nan da kake gani, ba don jirgi nake sauke shi ba. Don yaran da ke tsallakawa ne. Ku kun san jirgi ya daina zuwa. Su ba wanda ya gaya musu yadda ake tsayawa a duba."

Ba wanda ya ce a tsaya. Mai kyamara ne ya gaji da jira ya kashe da kansa. Kunnuwa ya zare abin sauraro daga kunnensa ya rataya a wuya, ya ce kalma ɗaya ta ɓace masa a tsakiya, sauran sun shiga. Tsohon ya ce a kunna. Ya saurara da ido a rufe. Muryar tana nan yadda take, mai kaushi, mai huci, amma wannan karon ta wani mutum ce da ya yi shekaru yana shaƙar hayaƙin jirgi.

"Mummuna ce," in ji shi.

"Mummuna ce," in ji Darakta. "Ta mai gadi ce."

Darakta ya ba shi kujera, tsohon ya ƙi zama. Darakta ya ce gara ya faɗi sauran tun yanzu. A tashar akwai iska, akwai motoci, wasu maganganun za su ɓace, sai an sake su a ɗaki, shi da bakinsa. Dogayen jawabai ba za su yiwu ba. Akwai ranar da maƙogwaron zai ƙi, a tashi aiki. Akwai kuma abin da zai ji a ɗakin tacewa ya ga bai yi ba ya yanke, amma zai zo ya faɗa masa kafin ya yanke. Furodusa ma fuska ya saya, bai san da wannan muryar ba, sai an yi fama da shi, kuma yana iya janyewa.

Hedimasta ya ce furodusa matsalar darakta ce. Ya ce a mayar wa mai gadi bakinsa, ba duka ba, rabin surutun ma ya isa, don ya lura marubucin yana son jin kansa. A kawo masa shafukan da aka gama kullum da safe kafin ya fara ban-ruwa. Kuma a nemo wanda zai kula masa da dashe in an tafi ɗauka, wanda ya san bambancin shayarwa da nutsarwa.

Darakta ya fara godiya, yana shirin durƙusawa. Tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Kada ka yi saurin kai gwiwa ƙasa. Aiki na karɓa. Maganar silima tana nan inda take, ban yafe ba, ban kuma ce ranar da zan yafe ba."

"Na ji, Baba."

Darakta ya ce zai kai shi gida a mota. Tsohon ya ce da ƙafarsa ya zo, kuma masu neman aiki ba a mayar da su gida a motar oga. Ya buɗe ƙofa, yaran da ke manne da ita suka watse, ya ratsa su ya sauka matakala yana dafa bango. Kunnuwa ya bi shi da kofin ruwa, ana jin su har ƙasa suna musu a kan wanda ya fi wani tsufa.

Darakta ya zauna. Gabansa akwai labarin da zai sake warwarewa ya ɗinke kafin ruwan sama ya ɗauke, ga wayar furodusa da zai buga yau ba gobe ba. Ya jawo wayar ya dube ta, ya kife ta a kan tebur tukuna. Mai kyamara ya tambaya ko a sallami sauran yaran. Ya ce a'a, har yanzu ba a samu mai sayar da tikiti ba, a kira na gaba.